Sana'ar Kek a Cikin Gida: Tsakanin Dokar da Ke Kare Mai Ci da Shingen da Ke Korar Mai Yi



A watan Afrilun 2025 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, ta ba duk mai kasuwanci da sunan da ba a yi wa rajista ba wa'adin mako shida ya gyara matsayinsa, tana tunatar da sashe na 863 na Dokar Kamfanoni ta 2020, wanda hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin wata shida. Wata biyu bayan haka, a ranar 26 ga Yunin 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 ta zama ranar fara aikinsu. Mafi yawan waɗanda suka ji waɗannan labarai a rediyo sun ɗauka zancen manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari ne da masu masana'antun Legas. Alhali lafazin dokar bai ware kowa ba. Yana isa har ɗakin girkin wata baiwar Allah a Jahun ko Aujara ko Harbo, wadda ke gasa kek a gwangwani cikin tukunya da yashi, tana tallata shi a WhatsApp.

Sana'ar mata a cikin gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun rayu a kan fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli, kuma garar amarya ba ta cika sai da alkaki da nakiya da dubulan. Ba a taɓa tambayar mai alkaki takardar shaida ba, domin mai sayenta maƙwabciyarta ce: ta san hannunta, ta san rijiyarta, in kaya ya ɓaci ta san ƙofar da za ta buga. Mai kek ta yau ta bambanta da kakarta ta fuska huɗu. Ta raɗa wa sana'arta suna, tana ƙunshe kayanta a leda ko kwali ta aika su shago, tana sayar wa wanda bai taɓa ganin gidanta ba, kuma kuɗinta na shiga ta asusun banki. Kowanne daga cikin waɗannan huɗun yana tada wata doka da ke barci.

Ƙofofi huɗu

Ƙofa ta farko ita ce ta suna. Dokar Kamfanoni, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta ɗauke wa wanda ke kasuwanci da sunansa na gaskiya tsantsa wajabcin rajista. Amma da zarar mace ta ƙara wa sunanta kalma ɗaya, ko ta ƙirƙiri laƙabi na talla, rajista ta hau kanta cikin kwana 28 da fara sana'ar. Ana yin rajistar ta intanet, ana buƙatar lambar shaidar zama ɗan ƙasa da hoto da adireshi. Wannan abu ne mai sauƙi ga ɗalibar jami'a a Dutse, amma ga matar da karatunta na allo ne da islamiyya, dole ta nemi ɗan tsakiya, kuma ladan ɗan tsakiya kan zarce kuɗin hukuma. Gwamnati ta san da wannan nauyi, shi ya sa a 2020 ta ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta, a watan Satumban 2025 kuma CAC da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN suka sanar da wasu 250,000. Sai dai irin wannan garaɓasa takan ƙare a hannun masu waya da masu ido a gari kafin labarinta ya isa ƙauye.

Ƙofa ta biyu ita ce ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Dokar rajistar abinci da magunguna ta wannan shekarar ta hana sarrafa abinci domin sayarwa, ko tallata shi, ko rarraba shi, sai an yi masa rajista. Mai neman lambar NAFDAC zai gabatar da shaidar rajistar CAC, a zo a duba wurin aikinsa, a gwada lafiyar masu taɓa abincin, a kai samfuri ɗakin gwaji, a kuma duba takardar jikin kaya: sunan abin, kayan haɗinsa, nauyinsa, adireshin mai yi, ranar yi da ranar lalacewa. Lambar takan yi shekara biyar kafin a sabunta ta. A nan mai karatu zai lura cewa sassaucin ƙofar farko ya tashi a banza: doka ta ce mai sana'a da sunanta ba sai ta je CAC ba, amma ba za ta samu lambar abinci ba sai da takardar CAC.

Ƙofa ta uku ita ce ta ƙaramar hukuma, wadda mutane suka fi mantawa alhali ita ce mafi kusa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci a hannun ƙananan hukumomi. Ke nan duba-garin Ƙaramar Hukumar Jahun shi ne jami'in da ya fi kowa hurumin leƙa wurin da ake kwaɓa fulawar, ya duba ruwa da shara da makewayi.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta haraji, kuma ita ce tsoronta ya fi gaskiyarta girma. Mai rajistar suna ba kamfani ba ce, harajinta na mutum ɗaya ne, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓarsa. Sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kuma abin da ake lissafawa ga ɗan kasuwa riba ce, ba jimillar cinikin da ya ratsa asusunsa ba. Amma wadda ba ta rubuta abin da ta kashe a fulawa da sukari da bota da ƙwai da gawayi ba, da me za ta nuna cewa kuɗin da aka gani a asusunta ba duka riba ba ne? Littafin lissafi na naira ɗari biyu shi ne garkuwarta a gaban hukuma, kuma shi ne zai nuna mata ko zakka ta hau kanta.

Abin da ya sa ba a raina dokar

Da yawa daga cikinmu kan ɗauki dokar abinci a matsayin fitinar 'yan boko. Wanda ya tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ba zai faɗi haka ba. An sayar da wani sinadari mai guba da sunan ɗan tsami, ya shiga kayan sha na gari, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, aka rasa rayuka. Waɗanda suka haɗa abin shan ba su nufi kowa da sharri ba, sun sayi abin da ba shi da suna ba shi da shaida ne domin ya fi araha. Mai kek tana tsaye a bakin irin wannan ramin duk ranar da ta sayi kala ko ƙamshi na awo, wanda aka juye daga wani buhu da ba ta gani ba. NAFDAC ta haramta sinadarin bromet a burodi, ta yaƙe shi sosai a zamanin Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, kuma har yanzu tana gargaɗin masu gashi game da sa sakarin a madadin sukari, jarabar da ke ƙaruwa duk lokacin da buhun sukari ya tashi.

Yankinmu kuma yana da nasa dalilai. Kek ɗin da aka gasa ya bushe yakan jure kwanaki, amma wanda aka yi wa ado da madara ko ƙwai ɗanye ba ya jure zafin bazara a garin da wutar lantarki ke zuwa ziyara. Ga ruwa: ƙasar fadama ce, a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 ruwan sama kan haɗe rijiya da masai, kuma Jigawa na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2021. Wuta tana kashe ƙwayar cuta a cikin ƙullun, amma ba ta ga hannun da ya shafa adon bayan an sauke ba. Su wa ke cin kek ɗin? Yara a ƙofar makaranta, masu jego, baƙin walima. Mutum ɗari suna iya cin hannun mace ɗaya a yini ɗaya.

Musulunci ya riga dokar zamani zuwa nan. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya tsawatar wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus. Daga irin wannan ne aikin hisba a kasuwa ya samo tushe. A ƙarni na 12 miladiyya malam Shaizari ya rubuta littafinsa Nihayatur Rutba a kan aikin muhtasibi, ya ware babi ga masu burodi da masu kayan zaƙi. A ciki ya shardanta wa mai kwaɓi ya rufe bakinsa da hancinsa, ya ɗaure goshinsa kada gumi ya ɗiga, kada ya kwaɓa da ƙafa ko gwiwa, a kuma samu mai kore masa ƙuda. Wanda ya karanta wannan, ya dubi hular kai da takunkumin da jami'in lafiya ke nema a yau, zai ga abu ɗaya ne. Daular Sakkwato ma ta san muƙamin muhtasibi. Saboda haka duk sharaɗin da ke tsare cikin mai ci, bin sa biyayya ce ga shugabanni a cikin abin da yake alheri, kuma amana ce tun kafin ya zama doka.

Inda kariya ta koma shinge

Amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda daularsa ta tsayar da hisba, shi ne kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa karɓe-karɓen da sarakunan zamaninsa ke yi wa 'yan kasuwa cikin alamomin mulkin zalunci. Malamai sun bambance tsakanin sa ido domin maslahar jama'a da maksu, wato kuɗin da ake tatsa daga mai ciniki ba da haƙƙi ba. Ma'aunin da za a auna kowane sharaɗi da shi ke nan: wa yake karewa? In an cire shi, wa zai cutu?

Da wannan ma'auni, aibin tsarinmu na farko shi ne an ɗinka rigar ne da awon masana'anta. NAFDAC ta yi ƙoƙarin rage ta: ta ware rukunin ƙananan masu sarrafawa da sharuɗɗa masu sauƙi, ta mai da nema ta intanet, a watan Mayun 2020 kuma ta rage musu kashi 80 cikin 100 na kuɗin rajista na tsawon wata shida. Duk da haka ofishinta na Dutse ne, na CAC ma haka, kuma matar da jarinta bai wuce rabin buhun fulawa ba, kowace tafiya zuwa babban birni tana cin ribar mako.

Aibi na biyu ya fi wannan illa, shi ne duhun iyaka. Lafazin dokar 1993 mai faɗi ne, ya game duk abincin da aka sarrafa. A aikace kuwa, lambar NAFDAC ta kayan da aka ƙunshe aka kai kanti ce, abincin da ake yi a ci nan take kuma yana hannun jami'an lafiya na jiha da ƙaramar hukuma. To ina matsayin kek ɗin biki da aka yi oda yau aka ɗauka gobe? Ina matsayin ƙanana guda hamsin da aka ɗaure a farar leda aka ajiye a shagon unguwa? Tsakanin abin da takarda ta ce da abin da ake yi akwai tsaga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan tsagar ne mai karɓar kuɗi ba rasit yake rayuwa, da ɗan damfarar da ke sayar da lambar bogi. A cikinta ne kuma mace mai tsoron Allah take fasa sana'ar don gudun saɓa doka, ta bar fili ga wadda ba ta damu ba. Dokar da mai gaskiya ba zai iya bi ba, ba ta hana ɓarna, sai dai ta tura sana'ar inda ido ba ya gani.

Wasu ƙasashe sun ratsa wannan matsala. A Amurka an daɗe ana hana sayar da gashin gida a jihohi da dama, har aka yi ta kai ƙara kotu. Jihar New Jersey ce ta ƙarshe da ta janye haramcin, a watan Oktoban 2021. Tsarin da suka tsaya a kai shi ne raba abinci gwargwadon haɗarinsa: abin da ba ya buƙatar firji a yi shi a gida da izini mai sauƙi, a rubuta a jikinsa cewa a ɗakin girkin gida aka yi shi, a kuma sa iyakar cinikin da in an wuce shi sai a koma sahun masana'antu. A Ingila kuwa, mai gashi a gida yana rajista ne da ƙaramar hukumarsa kwana 28 kafin ya fara, kyauta, sannan jami'i ya zo ya duba. Ba ƙasar da ta yafe tsafta a cikinsu. Abin da suka yi shi ne kawo ƙofar kusa da mai shiga.

Sharuɗɗan da ba a ofis ake samunsu ba

Akwai kuma dokar da ta fi kusa da mai kek fiye da duk waɗannan, ita ce ta ciniki tsakaninta da mai saye, kuma a Jigawa, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, irin wannan saɓani kan iya ƙarewa a gaban alƙali. Yin odar abin da ba a riga an yi ba ya halatta. Malaman Malikiyya sun yi misali da mai burodi wajen halatta saye daga wanda sana'arsa ke gudana kullum, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta tabbatar da cinikin oda a 1992, da sharaɗin a bayyana nau'i da siffa da adadi da lokaci. Hoton da aka tura a waya siffa ce da aka yi alkawari. Wadda ta nuna hoton aikin wata ta kawo abin da bai kai shi ba ta shiga babin algus, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa.

Kuɗin kafin alƙalami ma wurin lura ne. In an fasa biki, shin mai kek za ta riƙe abin da aka fara ba ta? Imam Malik da mafi yawan malamai sun hana cin irin wannan kuɗi don kawai an fasa, Imam Ahmad ya halatta, kuma majalisar da aka ambata ta rinjayar da halaccin a 1993. Mafita ita ce a yi magana tun farko, a rubuta ko da a saƙon waya ne: in an fasa kafin a sayi kaya, kuɗi ya koma, in an riga an kwaɓa, mai oda ya ɗauki asarar abin da aka kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kayan haɗi. Littattafai da bidiyoyin koyon kek da yawa daga ƙasashen da ba na Musulmi ba suke, kuma akwai nau'in da ake jiƙa 'ya'yan itacensa a giya. Wannan babu saɓani a kan haramcinsa. Jelatin da ke cikin wasu kayan ado ana iya samo shi daga alade, sai a duba jikin kwali a nemi wanda aka bayyana asalinsa. Game da gida kuwa, dukiyar mace tata ce, ribarta tata ce, miji ba shi da haƙƙi a ciki sai da yardarta. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh tana aikin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Amma shigowar jami'in dubawa da zirga-zirgar masu karɓar kaya sun shafi hurumin maigida, in gidan haya ne kuma sun shafi mai gidan. A daidaita da su kafin a kunna wuta.

Abin da ya kamata a yi

Jigawa tana alfahari da alkama. A yankin Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a watan Nuwamban 2023. Jihar da ke son a noma alkama ya dace ta so waɗanda ke mai da fulawa kuɗi a cikin unguwanni. Majalisar Dokokin Jiha da ƙananan hukumomi 27 suna da hurumin da ya ishe su: su fitar da izini guda na masu abincin gida, mai rahusa, a bayyane, a liƙa farashinsa a sakatariya, a haɗa shi da horon tsafta na yini ɗaya da gwajin lafiya a asibitin gari. A tura mata jami'an lafiya su yi dubawar, domin gidajenmu gidajen kulle ne, kuma magidanci da yawa zai hana sana'ar gaba ɗaya da ya bar namiji baƙo ya shiga masa ɗakin girki. NAFDAC kuma ta faɗa da Hausa, a rediyo, inda iyakarta ta tsaya.

Makarantun islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin mata suna da rawar takawa. Mata goma da suka haɗa jari suka gina ɗakin gashi ɗaya mai tsafta, da rajista ɗaya, sun fi ƙarfin ƙofofin nan huɗu fiye da kowacce ita kaɗai. Ɗalibanmu masu ilimin kwamfuta su ɗauki cike wa iyayensu da yayyensu takardun rajista a matsayin sadaka.

Ke kuma 'yar'uwa mai sana'a, fara da abin da ke hannunki: ruwa mai tsafta, kayan haɗi masu suna da kwanan wata, littafin lissafi, da gaskiya a siffa da awo. In kin raɗa suna, yi masa rajista. In kayanki za su kwana a kanti, nemi lamba ta hanyarta, kada ki ara kada ki saya. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunki da sunan hukuma, nemi shaidarsa da rasit. Yaron da zai ci kek ɗinki bai san CAC ba, bai san NAFDAC ba, hannunki kawai ya amince wa, kuma a kan wannan amanar za a tambaye ki.

Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal, Ya ba shugabanninmu ikon sauƙaƙa wa talakawa. Allah ne Mafi sani.